Notis a Bakin Baba

Ku yi min uzuri idan rubutun yau ya zo muku a hargitse. Wanda yau ne ya fara leƙo shafin nan, ga ni a taƙaice: malama ce ni a wata ƙaramar makarantar kuɗi, ajin yara kurame nake riƙe da shi, aurena kuma ya matso. Sauran za ku tsince shi a hanya.

Da safe na yi shiri kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Na ciro doguwar rigar nan ruwan toka da nake ɓoyewa don ranar taron iyaye, na yafa baƙin mayafi mai ƙananan duwatsu a gefe, na sa takalmin da yake matse min ɗan yatsa amma yake sa in ji ni ma wata ce. A jakata akwai farar ambulan, cikinta takardar ajiye aiki, 'yan layuka da godiya mai yawa. A ganina cika ƙa'ida ce kawai, don maganar tafiyata an gama ta tun kafin a shiga wannan zangon karatun. Haka dai nake zato.

Na fito falo na tarar da iyayena inda suke kullum, kujera na kallon kujera, teburin shayi a tsakani. Umma kurma ce tun tana ƙarama, zazzaɓi ne ya tafi da jinta, shi ya sa na iya maganar hannu kafin ta baki. Ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ta ɗaga hannu ta ce wannan kwalliyar ta fi ƙarfin makaranta, ko dai Injiniya ne zai biyo ta wajen. Baba yana ta juya cokali a kofi.

"Me ta ce, Mamana?"

"Tsokanata take yi."

Ya yi dariya, ya ce uwar tawa ta ƙara sauri, tsufa maimakon ya rage wa hannunta gudu sai ya ƙara masa. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, don kwanan nan kullum sai ya yi min irin wannan tambayar. Na yi musu sallama na fita.

Ina cikin motar haya saƙon wanda zan aura ya shigo. A gidanmu Injiniya ake ce masa, saboda a kamfanin wutar lantarki yake aiki. A wayata kuwa sunansa Ciwon Kai, kuma wallahi ya ci sunan.

"Yau dai ko? Kar ki dawo ba takardar sallama. Mutanen can sun sake kirana."

"Kwantar da hankalinka, sa hannu ne kawai."

"Haka kika ce wancan makon."

Na tura masa fuskar nan mai murguɗa baki na jefa wayar a jaka.

Ga yadda abin yake. An yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, irin nisan da sai an kwana a hanya. Shirinmu a ɗaura aure a hutun nan mu tafi tare. Tun ranar da ya fara zuwa gidanmu na gaya masa ni ba zan zauna in yi ta kallon bango ba, in ba aiki ba na tafiya. Bawan Allahn nan ya bi gari ya nemo makarantar kurame guda ɗaya tilo da ke can, suka yi min tambayoyi ta waya muna ganin juna, suka ce sun ɗauke ni. Sharaɗi ɗaya suka sa: in kai takardar sallama daga inda nake aiki kafin makon nan ya ƙare, in ba haka ba su ba wanda ke bayana a layi. Shi kuma ya riga ya roƙi kamfani sun ɗaga masa tafiyar sau ɗaya saboda ni, sun ce ba ƙari. Mahaifiyarsa har ta fara tambaya, cikin dariyar da ba dariya ba, wai anya yarinyar nan tana son tafiyar kuwa.

A yarjejeniyar da na sa wa hannu a makarantarmu, duk malamin da zai bar aiki sai ya ba da notis na zango guda cur, a rubuce, kafin ranar da za a buɗe zangon. Na san da wannan, kada wani ya ce ban karanta ba. Matsalar ita ce Shugabar makarantar ba uwargijiyata ce kawai ba. Ta san iyayena tun ba a haife ni ba, ta goya ni, kuma ranar da zan fara aiki Baba ne da kansa ya kai ni ofishinta ya ce ga 'yarta nan. To da wane idon zan tsaya a gabanta in miƙa mata takarda kamar baƙuwa? Na ga abin da ya fi mutunci shi ne wanda ya shigar da ni ya je ya fitar da ni. Ana gab da komawa makaranta na roƙi Baba, ya sa hularsa ya tafi, ya dawo kafin la'asar. Na tambaye shi ya aka yi.

"Mun yi magana," ya ce.

Ni kuma na ɗauki maganar na rungume. Duk zangon nan Shugaba amarya take kirana in mun haɗu a baranda, ni kuwa ina ta washe baki ina cewa a raina kun ga, ta sani.

Ofishinta ƙarami ne, tebur ya cinye rabinsa. Fanka tana kaɗa takardu, ta danne su da kofin biro da wani dutse da yara suka yi wa fenti. Ta tagar bayanta ana hango ajina. Na gaishe ta, na ɗan rusuna na ajiye ambulan ɗin. Ta karanta a hankali, ta koma farko ta sake karantawa, sannan ta cire tabarau ta ninke shi. In tana cikin daɗi 'yata take ce min. Ranar da na ji ta ce Malama, na san da magana.

"Malama, wannan ta zangon gaba ce."

Na yi 'yar dariya na ce a'a Hajiya, ta wannan zangon ce, cike gurbi ce kawai, ai Baba ya riga ya zo tun kafin a buɗe.

"Ya zo," ta ce. "Ya sha shayi, ya gyara min agogon can, ya ce an sa ranar aurenki, in sa ku a addu'a. Na ce masa ina fata dai ba za a ɗauke mana ke ba. Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Maganar barin aiki yau na fara jin ta."

Na kalli agogon bangon kamar shi zai ba da shaida. Na ce mata ba zai yiwu ba, wataƙila ta manta ne, abubuwa sun yi mata yawa a farkon zango. Ta ce tana manta inda ta ajiye makulli, amma ba ta manta ranar da aka ce mata malamar kurame za ta tafi, don da an faɗa da a ranar za ta fara nema. Ta tuna min tsawon lokacin da ajin ya yi a rufe kafin a same ni, iyaye suna zuwa suna kuka a wannan kujerar da nake zaune a kai.

Kun san ni da baki. Na fara lissafo mata: ban taɓa makara ba, ban taɓa ƙin aikin da aka ba ni ba, ranar da ruwa ya cinye titi a ƙafa na zo, allunan hotunan da ke ajin nan da hannuna na zana su. Ta bar ni na gama tsaf, ta ce duk gaskiya ne, kuma shi ya sa ba za ta iya sakina haka kawai ba. Na ce to Injiniya ya ce in ana so zai biya a madadin notis ɗin. Ta ce babu wannan a yarjejeniyarmu, kuma ko akwai, kuɗi ba za su tsaya a gaban aji su yi magana da hannu ba.

"In kika tafi yau, a ginin nan kaf babu wanda zai iya tambayar yaran can ko cikinsu ne ke ciwo ko fitsari suke ji. Ki gaya min in ce wa iyayensu me."

Raina ya ƙara ɓaci. Na ce ai ba ɗaure ni aka yi ba, in na ga dama ranar da aka yi hutu na tafi ke nan.

"Ƙofa a buɗe take," ta ce, ko ɗaga murya ba ta yi ba. "Amma ba zan sa hannu a kan cewa kin cika ƙa'ida ba alhali ba ki cika ba. In kuma mutanen can suka kira ni, abin da ya faru zan gaya musu."

Fanka tana ta aikinta. Takalmin nan ya ci min yatsa har ina jin bugun jini a ciki, hawaye kuma ya taru, na ƙi bari ya zubo don kada ta ga kamar da shi zan roƙe ta. Ina miƙewa ta kira ni, wannan karon da 'yata.

Ta ce doka a rubuce ta ce, kuma da wani ne da ta tsaya a nan. Amma mahaifina, tun da ta san shi bai taɓa yi mata ƙarya ba. Idan ya zo gobe ya zauna a kujerar nan ya dube ta ya ce ya gaya mata zan bar aiki, za ta yarda tsufa ne ya kama ta, za ta ɗauki laifin, ta sa hannu a take. Idan kuwa bai faɗa ba, to zangon gaba nata ne.

Sauran ranar ban san yadda na yi ta ba. Wanda bai taɓa koyar da kurame ba ya zaci ajinsu shiru ne, alhali sun fi kowa jan kujera da buga tebur. Kuma ba a ɓoye musu fuska, don ita suke karantawa tun kafin hannu ya motsa. Ina shiga wata yarinya da ke zama a gaba ta tambaye ni wa ya dake ni. Na ce takalmi ne. Duk ajin suka leƙa ƙarƙashin tebur suna yi wa takalmin faɗa, na yi dariya, dariyar ta kusa zama kuka.

Ana tashi na tsaya a gindin bishiyar bakin ƙofa na rubuta wa Ciwon Kai komai. Bai ɓata lokaci ba.

"Shi ke nan ai. Baba ya je gobe da safe."

"In kuma da gaske bai faɗa ba fa?"

"To ya ce ya faɗa. Magana ɗaya ce."

Na kira shi, don wannan ba ta rubutu ba ce. Na tambaye shi ko ya san abin da yake cewa, mahaifina da furfurarsa ya je ya zauna ya shirga ƙarya. Ya ce shi abin da ya sani yana so matarsa ta bi shi, kuma ba shi ya ce a aika baki inda aka ce a kai takarda ba. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Ya ce in wannan gurbin ya tafi babu wata makarantar kurame a garin, ni kuma na rantse ba na zuwa in zauna, to in gaya masa yadda zai yi, ya auri mace ya bar ta a gidansu ne, ko ya ajiye nasa aikin mu taru mu kalli juna. Muryarsa ta sauka, irin saukar da na fi tsoro a kan faɗansa.

"Wani lokacin sai in ji kamar ke ce ba kya son tafiyar."

Na ce masa zan kira shi in na isa gida, na kashe. A mota na yi ta tsara yadda zan yi wa Baba magana cikin ladabi. Na ce wa kaina mantuwa ce, ko kuma kunya ta kama shi ganin yadda ta karɓe shi. Baba mutum ne mai zagaye-zagaye, in ya je karɓar abu sai ya dawo ya bayar da nasa.

Na isa gida rana ta yi sanyi. Falonmu kuwa fes da haske kamar ɗakin tiyata, don watannin baya Baba ya sa Injiniya ya canza duk ƙwayayen wutar ya sa manya, har da ƙarin ɗaya a saman kujerar Umma. Kujerarsa ma ya matso da ita har gwiwarsu tana kusan haɗuwa. Na sha tsokanarsa cewa soyayya ce ta dawo sabuwa. Umma tana zaune tana yi wa rigar matashin kai ado da zare ja, cikin kayan da take haɗa min. Shi kuma yana riƙe da carbi, rediyo a gefensa yana magana ƙasa-ƙasa. Tun bara da ya rufe shagonsa na gyaran agogo, wai yanzu kowa a waya yake duba lokaci, nan ne wurin zamansa.

Ko mayafi ban cire ba. Na ajiye waya a tebur, na durƙusa a gefen kujerarsa na gaya masa abin da Shugaba ta ce. Na yi maganar da baki kawai, hannuwana a kan cinya. Umma ta ɗago ta dube ni, don a gidanmu ba a haka. Dokar gidanmu tun ina yarinya ita ce duk abin da baki ya faɗa hannu ya maimaita, kuma ba a juya wa mutum baya ana magana. Ko zagi bai kai juya baya zafi a gidan nan ba.

"Baba, mantawa ka yi?"

Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana murza ƙwayar carbi ɗaya. Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya kau da fuskarsa wajen taga, inda Umma ba za ta ga leɓensa ba.

"Ban manta ba, Mamana."

Na ce to me ya faru, ko wani abu Injiniya ya yi masa. Ya girgiza kai. Ya ce da niyyar faɗa ya fita, har ya tsara maganar a hanya. Yana zama Shugaba ta sauko da agogon bango ta ce ya duba mata. Ya buɗe bayansa, aikin da ya yi tun yana saurayi, bai ga komai a ciki ba sai hazo. Da yatsa ya lalubo abin ya gyara, tana ta yaba masa. Daga nan maganar ta ƙi fita.

Ya ce ya je asibiti tun bara, shi kaɗai. Likita ya ce ganin tafiya yake, maganin ɗigawa zai rage masa sauri ne kawai, ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Shagon ba don waya ya rufe shi ba. Ƙwayayen wutar nan ma ba ado ba ne.

"Fuskar uwarki ina ganinta kamar ta bayan gilashin da ya yi gumi. Hannunta kuwa in ta ɗaga, motsi kawai nake gani. Ni da na koyi maganar nan saboda ita, 'yan'uwana suna min dariya. Duk shekarun nan muna hira a gaban mutane ba mai jin mu. Yanzu in ba kya ɗakin, zama kawai muke yi, ina gyaɗa kai."

Sai duk tambayoyin nan suka dawo min, me ta ce, me ta ce, da safe da yamma, ni kuma ina amsawa ina danna waya. Malamar kurame guda, mai taƙama da karanta fuska, a gidanmu abu yana faruwa a gaban idona ban gani ba. Tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, kuma haushin ne ya riga fita. Na ce don me bai gaya min ba, don me zai bar ni in yi zango guda ina ta shiri ina sayen akwati, in je in tsaya a gaban matar nan in ce mata ta manta.

"Da na gaya miki da kin fasa gaba ɗaya, na san halinki. Ni ba rayuwarki nake so ba. Ina wurin kika sa hannu a takardar, na san in aka wuce ranar sai an ƙara zango. Na ce zango ɗaya dai, ko Allah zai sa in samu yadda zan yi kafin ki tafi."

Na gaya masa ba zango ɗaya ba ne. Na gaya masa maganar makarantar can da ƙarshen mako, da cewa kamfani ba za su sake ɗaga wa Injiniya ba, da abin da mahaifiyarsa ta fara faɗa. Duk wannan bai sani ba, don ni ma ban zauna na gaya masa ba, na ɗauka komai ya tafi daidai. Carbin ya zame daga hannunsa ya faɗi a kan kafet. Ya sunkuya yana lalube, yana taɓa gefensa yana wucewa. Na ɗauka na sa masa a tafin hannu.

"To gobe zan je," ya ce. "Zan zauna a kujerar in ce mata na faɗa."

"Baba, ƙarya ke nan."

"Na sani. Ni na ɓata, ni zan gyara. Abu ɗaya nake roƙonki, kada uwarki ta san maganar idon nan."

Wayata ta fara rawa a kan tebur, kofunan shayi suna ƙara. Sunan Ciwon Kai ya fito, ƙarƙashinsa layi ɗaya: "Ya amince?"

Umma ta buga teburin da tafin hannu, yadda take kiranmu. Ta soke allurar a jikin rigar matashin ta ajiye ta gefe. Na zaci tambayata za ta yi me ake cewa, har na fara neman abin da zan rufe da shi. Ba ta tambaya ba. Hannuwanta suka tashi a hankali, manya-manya, yadda nake yi wa yaran da suka fara zuwa aji.

Ta ce shi a zatonsa ba ta sani ba? Tun bara yake amsa mata abin da ba ta tambaya ba. Ita ce take matsar masa da kofi kusa da hannu, ita ce take kwashe takalma daga hanya, kwalbar maganin da yake ɓoyewa a aljihun tsohuwar rigarsa ita take mayar masa in ta yi wanki. Ta yi shiru ne don ta ga yana so ta yi shiru. Ta ce ta ga ambulan ɗin da na fita da ita da safe, ta ga fuskar da na dawo da ita, ba sai an fassara mata ba.

Sannan ta juya gare shi sosai, ta matso har ƙarƙashin ƙwan da ya sa aka ɗaura mata, ta yi maganar a saitin fuskarsa.

"Ka sake ta ta tafi. Ba don ta zama idonka na haife ta ba. Ni da kai za mu san yadda za mu yi."

Baba ya bi hannuwan da kallo. Ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya gyaɗa kai kamar ya gane. Sannan ya waiwayo gefen da nake, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Me ta ce, Mamana?"

Tun da na iya magana nake tsakaninsu da duniya, a asibiti, a kasuwa, a gaban baƙi, ban taɓa cinye kalma ɗaya ta Umma ba, ko mai zafi ce. Wayar ta sake rawa. Na san in na faɗi abin da ta ce, gobe Baba zai sa hularsa, ya je ya yi ƙaryarsa ta farko, in karɓi takardata, in bar su a falon nan gwiwa da gwiwa ba mai jin wani. Ina son Injiniya, Allah ya sani ina son sa, kuma ina son aikin can. Na buɗe baki.

"Ta ce shayinka ya huce."

Ya ce au, ya fara laluben kofin.

Abin da na manta shi ne ni ban kau da fuska ba. Umma ba ta iya karanta leɓen kowa sosai, amma nawa tun ina koyon cewa ruwa take karanta shi. Ta dubi bakina, ta dubi idona. Ta miƙa hannu ta ɗauke wayata daga kan tebur, saƙon Injiniya yana nan a buɗe, ta sa babban yatsa ta fara rubuta masa amsa.

Na taɓa gwiwarta don ta dube ni. Umma ta gyara zama a kujerarta, ta juya min baya.